An ce tsoron asibiti ne, amma kaina bai daina sarawa ba

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Amurka da maigidana, shekara uku ke nan. Ina ɗauke da cikin fari, sati 31. Yau kwana shida kaina yana sarawa, na sha Tylenol, wato farasitamol, bai sauka ba, fuskata da hannuwana sun kumbura har zobena ya ƙi fita. Da na je awo shekaranjiya, jinina ya nuna 148/94. Nas ɗin ta ce tsoron asibiti ne, kuma wai irinmu dama da hawan jini aka san mu, in rage gishiri. Likita bai yi minti biyar ba ya ce in dawo bayan sati biyu. Ko fitsarina ba a karɓa ba. Tun farkon cikin nan nake jin ba a saurarona, ana katse ni, wani lokaci a juya ana magana da maigidana kamar ba na wurin. Na rasa ko don ni baƙa ce, ko hijabina ne, ko Turancina, ko kuwa zargi ne kawai nake yi. Maigidana ya ce in yi haƙuri, mu baƙi ne, takardunmu ba su kammala ba, kada mu ja wa kanmu rigima. Mahaifiyata ta ce kumburi ba komai ba ne, kowace mai ciki tana yi, ita shirin zuwa yi mini wankan jego take. In sauya asibiti ne, in kai ƙara, ko in yi shiru?

Wata 'yar'uwa daga Amurka

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Tambayoyinki uku duk za su iya jira, ciwon kan nan ne ba zai jira ba. Ki tafi asibiti yau, ba gobe ba, ba bayan sati biyu ba. Kada ki koma ɗakin awo neman a ba ki rana. Ki wuce kai tsaye asibitin da za ki haihu, ɓangaren masu naƙuda, domin a yawancin asibitocin Amurka can ake duba mai ciki da ta haura sati 20, dare ko rana. Kada ki tuƙa mota da kanki. Idan kafin ku fita idonki ya fara ganin walƙiya ko hazo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ciwo ya soke ki a ƙasan haƙarƙarin dama, ko jiki ya fara jijjiga, a kira 911.

Abin da ya sa na matsa shi ne, abubuwan da kika lissafa su ne alamomin hawan jinin masu juna biyu, wanda likitoci ke kira firikilamsiya. Yana tasowa ne daga mabiyiya, yawanci bayan sati 20, ya takura jijiyoyin jini, ya taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, ya kuma rage jinin da ke isa ga jariri. Idan aka bar shi, shi ne yake kaiwa ga jijjigar da muka sani a gida, ko shanyewar ɓarin jiki. Iyakar da aka gindaya ita ce 140 a sama ko 90 a ƙasa, ke kuwa kin haura duka biyun. Ka'idar aikin ita ce a zaunar da ke ki huta a sake aunawa, a gwada fitsari a ga ko akwai furotin, a ɗebi jini a duba hanta da ƙoda da ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, a saurari bugun zuciyar jariri. Ki riƙe wannan kuma: ciwon kai da ya ƙi jin magani alama ce mai tsanani ko da fitsari ya fito lafiya lau. Don haka kada a ce miki babu furotin, ki tafi gida, ke kuma ki ɗauki jaka.

Idan kin isa, kada ki fara da dogon labari. Ki ce sati 31 ne, kai yana ciwo kwana shida kuma magani bai yi aiki ba, fuska da hannu sun kumbura, awon ƙarshe 148/94, kina so a duba ki game da firikilamsiya. Ki ambaci sunan ciwon da bakinki, yana sa ma'aikaci ya gyara tsayuwa. Ki nuna hoton fuskarki na kafin ciki, domin wanda bai san ki ba, ga hijabi ya zagaye fuska, ba lallai ya gane kumburi ba, sai ya ɗauka haka kike. Ki nuna zoben. Duk awon da aka yi ki tambayi lambar, ki rubuta da lokacin. In ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa kuma ya tsaya a nan bayan an sake aunawa, ka'ida ita ce a ba ki maganin saukar da jini cikin minti 30 zuwa 60. Idan wani ya ƙi yin gwajin da kika nema, cikin ladabi ki ce a rubuta a fayil ɗinki cewa kin nema an ƙi, a kuma rubuta dalili. Sau da yawa wannan jumlar kaɗai takan sa a yi gwajin. In ba ta yi ba, ki nemi shugabar nas-nas ta wannan lokacin, ko babban likitan da ke bakin aiki. Kina da damar neman likita mace, amma a irin wannan hali kada jiran mace ya sa a ɓata awa guda.

Mai yiwuwa a kwantar da ke, kada hankalinki ya tashi. Za a iya ba ki labetalol ko nifedipine don saukar da jini, da ƙarin ruwa mai sinadarin maganiziyam don tare jijjiga. Tun da ba ki kai sati 34 ba, za a iya yi miki allura biyu, tsakaninsu awa 24, don huhun jariri ya yi ƙwari idan ta kama a ciro shi da wuri. Idan ciwon bai tsananta ba, akan lallaɓa har sati 37. Idan ya tsananta, ba a cika wuce 34 ba. Ki tambaya ko asibitin yana da sashen jariran bakwaini mai mataki na 3 ko na 4, in babu a yi maganar tura ki inda yake akwai tun jaririn yana ciki.

To, mu dawo ga abin da ke cin ranki. Ba zargi kike yi ba. Abin da ke zuciyar nas ɗin nan Allah kaɗai Ya sani, amma abin da ta yi a fili yake. Ta ga lambar da ya kamata ta tayar da bincike, sai ta jingina ta ga launin fatarki ta wuce. Ko a ce gaskiya ne hawan jini ya fi yawa a baƙaƙen Amurka, ai wannan dalilin ƙara sa ido ne, ba na sallama ba. Kwamitin ƙasar da ke fitar da shawarwarin rigakafi ma, a 2021, ya sa zama baƙar fata da kuma cikin fari a jerin abubuwan da in biyu suka haɗu ake ba mace ƙaramin asfirin mai miligiram 81 kullum, a fara tsakanin sati 12 da 28, an fi so kafin 16. Ya kuma bayyana cewa ya sa launin fata a jerin ne saboda halin da baƙaƙe ke rayuwa a ciki da irin kulawar da suke samu, ba don jininsu daban yake ba. Ba ki ambaci asfirin a wasiƙarki ba. Idan ba a taɓa yi miki maganarsa ba, wannan ma giɓi ne. Yanzu lokacin farawa ya wuce, kada ki saya ki sha da kanki, amma ki riƙe shi don ciki na gaba.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, sun nuna cewa a 2023, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe 50 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, fararen mata kuwa ba su kai 15 ba. Ba talauci ko rashin karatu ne kaɗai ba, domin rahoton hukumar na 2019 ya nuna baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba fuskantar wannan haɗari. Kwamitocin jihohi da ke bin diddigin irin waɗannan rasuwa sun gano fiye da kashi 80 cikin 100 ana iya kauce musu. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia sun tarar kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da suka tambaya sun yarda da aƙalla camfi ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar wai fatarmu ta fi kauri, kuma masu irin wannan tunani sun fi rena zafin da baƙin majiyyaci ke ji. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa a watan Afrilun 2021 shugabar CDC ta lokacin, Rochelle Walensky, ta ayyana wariyar launin fata a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma.

Shalon Irving masaniyar cututtuka ce da ke aiki a CDC ɗin kanta, tana nazarin wannan bambancin. A watan Janairun 2017, sati uku bayan ta haihu, ta rasu sakamakon hawan jini, bayan ta yi ta komawa da ciwon kai da kumburi ana sallamarta. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, da kuɗinta da sunanta, washegarin haihuwarta a 2017 ta ce numfashinta yana sarƙewa, a ɗauki hoton huhunta. Aka fara ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Da ta dage aka ɗauka, sai ga gudajin jini a huhu. Na kawo su ne don ki daina tuhumar Turancinki. Waɗannan matan ba Turanci suka rasa ba.

Wani abu kuma da nake so 'yan'uwanmu da ke can su ji. Akwai masu cewa wannan matsalar baƙaƙen Amurka ce, mu da muka zo daga Afirka daban muke. Wani bincike da aka yi a jihar Illinois, aka wallafa a 1997, ya nuna jariran matan da aka haifa a Afirka nauyinsu ya fi kusa da na jariran fararen mata fiye da na baƙaƙen da aka haifa a Amurka. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna wannan fifikon yana gushewa idan 'ya'yan da aka haifa a can suka zo haihuwa. Ashe zaman ƙasar ne ke cin jiki, ba asali ba. Kuma wadda ke bayan teburin karɓar marasa lafiya ba ta tambayar Kano kika fito ko Maraɗi ko Alabama kafin ta yanke hukunci a ranta. Dokokin da zan ambata miki nan gaba ma gwagwarmayar waɗancan baƙaƙen ce ta haifar da wasunsu.

A yi wa likitan adalci ta fuska ɗaya. Jinin wasu yakan hau don fargabar asibiti, wannan gaskiya ne, kuma likitocin awo suna ganin mata da yawa cikin ƙanƙanin lokaci. Yana yiwuwa nas ɗin ba ta rubuta ciwon kan ba, shi kuma bai tambaya ba. Za ki iya ganewa da kanki, domin tun 2021 doka ta ba majiyyaci damar karanta bayanan da aka rubuta a kansa ta manhajar asibiti, irin su MyChart. Ki buɗe ki ga abin da aka rubuta shekaranjiya. Idan an rubuta cewa ba ki da ciwon kai, ki aika saƙo ta manhajar ki gyara, saƙon zai zauna a fayil da rana da lokaci. Amma ko da uzurin ya tabbata, bai wanke barin mai cikin sati 31 ta tafi da 148/94 ba tare da sake awo ba.

Ke ma akwai abin da za ki sauya, ba don laifinki ba ne. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da dauriya, musamman a cikin fari, inda ake yabon wadda ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. A ɗakin likitan Amurka kuwa, shiru yana nufin lafiya ƙalau. Idan aka tambaye ki yaya jiki kika ce da sauƙi, da sauƙin za a rubuta. Suna auna zafi da lamba daga 0 zuwa 10, in bakwai kike ji ki ce bakwai, kada ki ce uku don kawaici. Ki faɗi abin da ciwon ya hana ki: barci, kallon haske, tsayuwa a sallah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin.

Maigidanki ba rashin kula ne ya sa ya ce ki yi haƙuri ba, tsoro ne, kuma tsoron wanda takardunsa ke hannun hukuma ba abin dariya ba ne. Ki zaunar da shi ku raba abubuwa biyu da ya haɗa. Wata dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa kusan duk asibitin da ke da sashen gaggawa ya duba wanda ya zo, ya kuma daidaita lafiyarsa, ko yana da inshora ko babu, ko yana da takardu ko babu. A jihohi irin su Texas da Florida asibiti na iya tambayar matsayin zaman mutum, amma ba dole ba ne a amsa, kuma ƙin amsawa ba ya hana magani. Neman gwaji ko rubuta koke ga asibiti ba shari'a ba ce da gwamnati. Idan damuwarsa a kan tallafin inshorar gwamnati ne da yadda zai shafi takardunku, wannan tambayar lauyan shige da fice ce, ba ta abokan hira ba. Sannan ki ba shi aiki, domin namiji ya fi samun natsuwa idan yana da abin yi. Shi zai riƙe littafin awo, ya rubuta sunan duk wanda ya shigo da abin da ya faɗa. Idan likita ya juya gare shi, ya ce ga mai jikin nan, a tambaye ta. Idan ke kika galabaita, shi zai maimaita buƙatarki har a ji.

Ko an sallame ki, ku sayi na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ku auna kaurin damtsenki kafin saye, domin ɗamarar da ta yi ƙanƙanta tana ƙara lamba, wadda ta yi girma kuma tana rage ta. Ki yi fitsari tukuna, ki zauna minti biyar bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ɗamara a kan fata ba a kan riga ba, ba magana. Ki auna sau biyu, tsakani minti ɗaya, safe da yamma. In ya kai 140/90 ki kira su a ranar. In ya kai 160/110 ki tafi nan take. Akwai kuma wuraren da kayan aikin kansu ke gaza mu. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini ya fi ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata kusan ninki uku. In numfashinki ya yi wuya, kada kyakkyawar lambarsa ta rufe maganar. Haka gudan jini a ƙafa, littattafansu sun ce wurin yakan yi ja, a fatarmu kuwa abin lura shi ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, da zafi, da ciwo.

Tafinta haƙƙinki ne, kyauta, a duk asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya. Ki ce na Hausa kike so, ta waya akan samu ko da za a ɗan jira. Kada a mai da maigida tafinta, akwai abin da ba za ki faɗa ta bakinsa ba, akwai kuma kalmar likitanci da shi ma ba zai gane ba. Ki nemi dula, wato mace horarriya da ke zama da mai naƙuda tana taya ta magana da ma'aikata. Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, yana biyan kuɗinta a jihohi da dama, ciki har da New York da New Jersey da Minnesota.

Sauya likita yana yiwuwa, kuma ina ganin ya dace. Sai dai a sati 31 ba kowa ke karɓar sabuwar mai awo ba, don haka kada ki bar na farko sai na biyu ya ba ki rana. Hanya mafi sauƙi ita ce, tun kina kwance ki nemi a haɗa ki da ƙwararren likitan ciki mai haɗari, ki kira kamfanin inshorarki ki tabbatar yana cikin waɗanda suke biya, ki sa hannu a tura fayil. Idan sauya asibiti bai yiwu ba, ki sauya likita a cikin rukunin, ki kuma ce ba ki son wannan nas ɗin ta sake duba ki.

Hajiya kuma, a tarbe ta hannu bibbiyu, zuwanta rahama ne. Ta yi gaskiya cewa kumburin ƙafa ya zama ruwan dare ga masu ciki, na fuska da hannu tare da ciwon kai ne daban. Amma ku yi maganar jego tun kafin ta haɗa kaya. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta. Baƙaƙen mata kuma dama sun fi saurin kamuwa da wannan ciwon zuciyar. Ta yi miki kunu ba kanwa, wanka da ruwan ɗumi, farfesu ba yawan gishiri da dunƙule. In kunya ba za ta bar ki ki faɗa ba, ki sa likita ya faɗa ta bakin tafinta, iyaye sukan karɓa daga likita.

Ki sanar da ita kuma cewa haihuwa ba ta rufe babin ba. Jini yakan fi hawa tsakanin kwana 3 da 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da aka sallame ki ana shirin suna, kuma ciwon yana iya tasowa har sati shida. Fiye da rabin rasuwar da ke da alaƙa da ciki a Amurka tana faruwa ne daga kwana 7 zuwa shekara guda bayan haihuwa. Kada ki bar asibiti sai da ranar awon jini a hannu, cikin awa 72 idan ya yi tsanani, ko kafin kwana 7 zuwa 10 in bai yi ba. Duk inda kika je neman magani cikin shekarar, ki fara da cewa kin haihu kwanan nan.

Koke kuwa ki rubuta shi, amma bayan jini ya sauka. Yau dai ki rubuta a waya abin da ya faru shekaranjiya tun ba ki manta ba: rana, lokaci, lambar awo, kalmomin nas ɗin yadda ta faɗe su, gwajin da ba a yi ba. Idan kin samu sarari, ki miƙa shi a rubuce ga ofishin kula da koken majiyyata na asibitin, ki nemi amsa a rubuce. Ki tsaya a kan abin da aka yi da abin da aka faɗa, shi ne ba a iya musantawa. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, akwai hukumar da ke ba likitoci da nas-nas lasisi a jiharku, akwai kuma ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar lafiya ta tarayya, wanda ke karɓar koken wariya cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. Ku ajiye kwafin komai, har da sakamakon gwajin da za a yi miki yau.